Kafin a Ɗora Fijo a Kan Sikeli

Duk wanda ya saba bin titin Kano zuwa Maiduguri ya san Wudil da gadarta da kuma kasuwar shanun ranar Juma'a. Garin yana kimanin kilomita 40 daga Kano, kuma motocin Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno ta nan suke bi dare da rana, shi ya sa sana'ar mota ta yi saiwa a cikinsa tun da daɗewa. In mutum ya shiga Sabon Garin Wudil ya leƙa bayan garejin makanikai, ko ya duba lungun wani tsohon gida, ba zai rasa irin motar da wannan rubutu yake magana a kanta ba. Fijo 504 ce an ɗora ta a kan duwatsu, tayoyinta sun sace sun tsattsage, ƙurar hunturu ta rufe gilashin har yara suna rubuta sunansu da yatsa, akuya tana shan inuwa a ƙarƙashinta, tsohuwar lamba mai KN tana nan maƙale da ƙusa ɗaya. Makomar irin wannan mota sananniya ce. Wata rana 'yan gwangwan za su zo, a yi ciniki a tsaye, a yanka ta gunduwa-gunduwa, a auna a sikeli, a loda wa tirela zuwa kamfanonin Kudu da ke narka ƙarfe su yi rodi. Tsohuwar mota tana da farashi biyu, na nauyin ƙarfenta da na abin da take, kuma mu a nan na farkon kaɗai muka iya lissafawa. Wannan rashin sani yana jawo mana asarar kuɗi da ta sana'a da ta tarihi a lokaci ɗaya, alhali maganinsa bai fi ƙarfinmu ba.

Sai an san daga ina motocin nan suka fito kafin a gane me ake yankawa. A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta haɗa hannu da kamfanonin Turai aka kafa masana'antun harhaɗa motoci a ƙasar nan: Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas domin ƙananan motoci, sai Leyland a Ibadan, ANAMMCO mai haɗa Marsandi a Inugu, Steyr a Bauchi, da NTM mai haɗa manyan motocin Fiat a nan Kano. Masana'antar Peugeot ta Kakuri ta fara aiki a 1975. Bayan an kashe Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta bi tsarin rage facaka, Fijo 504 ta zama motar gwamnati tun daga manya har ƙananan ma'aikata, kuma ma'aikaci yana iya karɓar rancen mota ya shiga kanti ya fito da sabuwa dal. Wannan zamani ya ƙare ne da tsarin SAP na 1986, lokacin da naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mai albashi, motocin gwanjo na Kwatano suka cika gari. Duk da haka Kaduna ta ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, shekara ashirin da wani abu bayan Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983. Ke nan Fijon da ke kan duwatsu a Sabon Gari, mai yiwuwa hannun 'yan ƙasar nan ne ya ɗaure mata ƙusa a Kakuri. Shaida ce ta lokacin da Arewa take haɗa mota da hannunta, kamar yadda tsohon keken Raleigh yake shaidar masana'antar da ta taɓa aiki a Kano.

Motar kanta ba banza ta yi suna ba. An fito da ita a 1968, ta ci kambin motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, tseren da ake yi a kan laka da duwatsu da ƙura. Tayoyin baya ne suke tura ta, cikinta a ɗage yake daga ƙasa, shokazobarta tana haɗiye gargada, injinta mai silinda huɗu da kafireta ne, babu wata kwamfuta a jikinta, don haka makaniki mai sifana da sukundireba da kunne mai kyau yana iya tayar da ita a gefen hanya. Wannan ne ya sa wagon ɗinta mai kujeru layi uku ta riƙe tashoshin Arewa shekara da shekaru, a-kori-kurarta kuma ta yi ta jigilar buhunan hatsi da awaki zuwa kasuwannin ƙauye. Akwai kuma wata falala da Allah ya ba yankinmu wadda ba mu cika lura da ita ba. Babban maƙiyin tsohuwar mota shi ne tsatsa, tsatsa kuwa danshi da gishiri take so. A Turai ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, shi yake cinye ƙasan mota. A Legas da Fatakwal iskar teku da ruwan sama na wata da watanni ne suke yin wannan ɓarna. A ƙasar Kano damina 'yan watanni ce, sauran shekara busasshiya. Rana tana cin fenti, tana fasa roba da kujera, amma ƙarfen yakan daɗe da ƙarfinsa. Fenti da kujera ana sakewa cikin sauƙi, shasin da ya ruɓe kuwa shi ne aikin da yake cinye dukiya.

To amma ba kowace tsohuwar mota ce abin ajiya ba, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a rarrabe. Masu wannan harka a duniya suna fifita motar da ta tsira yadda aka ƙera ta: fentin kamfani ne a jikinta ko da ya koɗe, injinta na asali ne, lambar injin ta dace da ta takarda, kujerun da sitiyarin da fitilun duk nata ne. Irin wannan a wurinmu ita ce motar Alhaji da aka ajiye a rumfa, ba a fita da ita sai Juma'a da Sallah, direba ɗaya ne ya riƙe ta, makaniki ɗaya ne ya san cikinta. Kuskuren da aka fi yi da ita shi ne na son gyara. Magada ko dillali su ga fenti ya dushe, sai su ce bari a wanke mata fuska kafin a kai kasuwa, a fesa mata sabon launi mai ƙyalli, a cire kujerun asali a ɗinka na leda, a maƙala mata ƙafafun wata mota. An kashe kuɗi, an kuma rage mata daraja, domin mai sayen da ya san abin yana biyan asali ne, kuma fentin kamfani in ya tafi ba ya dawowa. Bayanta akwai motar da har yanzu take neman abinci, wadda ta sha inji uku da giyabos biyu, rabin kayanta na wasu motoci ne. Wannan darajarta tana cikin aikin da take yi, kuma babu laifi a bar ta ta ci gaba da lodi har ƙarfinta ya ƙare. Sai ta ƙarshe, wadda ta kwanta amma ƙashinta lafiya lau, wadda ke jiran mai haƙuri da kuɗi ya tayar da ita daga tushe. Ko wadda ta wuce tayarwa ma ba a gama da ita ba, don gilashinta da fitilunta da marfin injinta da hannun ƙofarta da allon mitarta suna iya raya wasu motoci biyu ko uku. In aka sayar da su ɗaya-ɗaya ga mai nema, sukan fi abin da sikeli zai bayar.

Gane wacce ce wacce ba ya buƙatar wani babban ilimi, yana dai buƙatar a durƙusa. A ɗaga kafet ɗin ƙasa a wajen ƙafar direba, a danna ƙarfen da bakin sukundireba. In ya yi ƙara ya tsaya, madalla, in ya lotsa ko ya zubo da jan gari, tsatsa ta riga ta shiga. A duba gindin ƙofofi da ramin da safaya take kwana a but, don nan ruwa yake taruwa. A ɗauki ɗan maganaɗisu a bi jikin motar da shi: inda ya kama ƙarfe ne, inda ya saki an cika wurin da fila an rufe da fenti, alamar ta taɓa yin karo. A buɗe marfin inji a nemo ɗan farantin da aka buga lambar shasi, a karanta shi harafi-harafi a gwada da takardu. A gwada juya injin da hannu. In ya juya akwai rai, in ya ƙame sai an buɗe shi kafin a yi maganar kuɗi. Takardun nan da ake rainawa, wato rasit ɗin sayen farko da tsohon lasin da ɗan littafin kamfani, har da hoton mai motar yana jingine da ita ranar da ya sayo ta, su ne suke mayar da tsohon ƙarfe ya zama abu mai asali. Sau da yawa suna nan a ƙasan adaka, cikin ledar da aka adana takardun gona da na gida.

A wasu ƙasashe an daɗe da yi wa wannan harka doka da kasuwa. Ƙungiyar FIVA, wadda ta haɗa masu kula da tsofaffin ababen hawa na duniya, tana ɗaukar abin hawa a matsayin na tarihi in ya kai shekara 30 kuma an riƙe shi yadda yake. Jamus tana ba irin waɗannan motoci lamba ta musamman mai harafin H, Ingila kuma tana yafe wa wadda ta kai shekara 40 harajin hanya. A can ƙololuwar kasuwar, an sayar da wata Ferrari 250 GTO a kan dala miliyan 48.4 a 2018, aka kuma sayar da Mercedes-Benz 300 SLR Uhlenhaut a kan yuro miliyan 135 a 2022. Kada waɗannan alƙaluma su ruɗi kowa. Waɗancan motoci ne da aka ƙera 'yan ƙalilan, ita 504 kuwa an ƙera fiye da miliyan uku, kuma nau'inta da ya fi tsada a Turai shi ne mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama, waɗanda ba su ne Kaduna ta haɗa ba. Babu wanda zai gina bene da kuɗin Fijon babansa. Abin da yake tabbas shi ne tsohuwar Land Cruiser da tsohuwar Land Rover da Marsandin nan ta 1976 zuwa 1986 da tsohuwar Vespa duk suna da masu nema a duniya, kuma lafiyayyar Fijo 504 ko 404 ta asali tana ƙara wuyar samu kowace shekara. Nauyin 504 bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Wanda ya sayar da ita a kilo ya karɓi mafi ƙanƙantar farashin da za ta taɓa yi.

Wani zai ce wannan zancen ƙoshi ne. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mai mota mai lafiya ma ajiye ta yake yi ya hau babur, balle a ce wa magidanci ya riƙe motar da ba ta tashi alhali ana binsa kuɗin makaranta. Maganar tana da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai ce a bar yara da yunwa don a adana ƙarfe. 'Yan gwangwan ma ba abokan gaba ba ne. Sana'arsu halal ce, suna share gari, suna ciyar da iyali masu yawa. Sai dai hujjar talauci, in aka bi ta har ƙarshe, goyon bayan rarrabewa take yi, domin mai buƙata shi ya fi kowa cancantar ya sami cikakken kuɗin kayansa. A duba yadda abin yake faruwa a rabon gado. Mai gida ya rasu, motarsa ta yi shekaru a rumfa ba mai taɓawa, ranar rabo a yi wa gida da gona ƙima da kyau, a kira masana, a yi ta kai da komo, motar kuwa a ce wannan ai gwangwan ce, a kira yaro ya yi mata kuɗi. A cikin magadan nan akwai marayu da mata waɗanda ba za su taɓa sanin abin da aka salwantar musu ba. Wanda aka ɗora wa amanar rabo wajibinsa ne ya nemi ƙimar gaskiya ta kowace kadara, kuma neman bai wuce a kira tsohon makanikin Fijo ya duba, a ɗauki hotuna, a jira mako biyu a ji tayin mutum fiye da ɗaya ba. Mutanen Wudil ba sa buƙatar a koya musu wannan. A kara ba a sayar da bijimi da kuɗin nama kawai in an san irinsa na kiwo ne, ana duba haƙori da ƙafa da asali kafin a sa baki.

Akwai ƙorafi na biyu da ya fi wannan ƙarfi, shi ne na lafiyar rai. Motar 1980 ba ta da jakar iskar da ke kare direba, ba ta da birkin zamani mai hana taya kullewa, tana shan mai, tana hayaƙi, kuma duk wanda ya san titin Wudil ya san abin da gudu da lodi suka jawo a kansa. Wannan gaskiya ne, kuma ba a kiran kowa ya mayar da wagon mai shekara 40 tasha ta ɗebi fasinja zuwa Damaturu. Motar da aka adana aikinta daban ne. Ana fita da ita kaɗan, a hankali, cikin gari, bayan an sabunta birki da taya da wayoyin wuta, kuma tafiyarta ta shekara guda ba ta kai ta motar haya ta mako biyu ba. Inda za ta yi amfani kuwa yana nan. Masu shirya finafinan Hausa da ke son nuna zamanin da suna buƙatar motocin zamanin, kuma kowa ya ga yadda mota ta yau take ɓata labarin jiya a allo. Ana iya ɗaukar amarya da ita, ana iya fito da ita a bukukuwan Sallah. A Habana ta ƙasar Kyuba, motocin Amurka na shekarun 1950 sun zama abin da baƙi ke biyan kuɗi su hau, dubban mutane suna ci daga gyaransu da tuƙa su. Masu cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba suna da tasu gaskiyar, amma mutumin da ya ajiye takobin kakansa ko alkyabbarsa ba wanda yake ce masa ya ƙi zamani.

Wasu kuma tsoronsu shi ne in aka wayar da kai, baƙi ne za su zo su kwashe na ƙwarai su fita da su, a bar mu da labari. Hakan yana iya faruwa, amma motar da ta tafi Legas ko Faransa tana nan a duniya, an kuma biya mai ita, wadda ta shiga tukunyar narka ƙarfe kuwa ta tafi ke nan. Abin da ya dace shi ne a ware 'yan ƙalilan masu tarihin da bai kamata su bar gida ba. Marsandin da aka harbi Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, da ramukan harsashi a jikinta, kuma ɗalibin da ya tsaya a gabanta yakan fahimci abin da shafi goma na littafi bai fahimtar da shi ba. Fadar Kano ta riƙe tsofaffin motocinta na alfarma ana fito da su a manyan ranaku. Abin da ba a tanada ba shi ne motar talaka: a-kori-kurar da ta yi jigilar gyaɗa, babbar mota mai bodin katako da ta kai shanun Wudil Kudu, Vespar malamin makaranta. Kano tana da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, kuma rumfa guda mai ɗaukar ababen hawa biyar ko shida ba za ta gagari jiha ba.

Abin da ya fi gaggawa ma ba ƙarfen ba ne, mutanen ne. Makanikan da suka koyi aiki a kan 404 da 504 sun manyanta. Su ne suke saita kafireta da kunne, su gane ciwon inji daga launin hayaƙi, su san wace ƙusa ce ta wace shekara. Masu gyaran bodi na wancan zamani suna iya buga lotsattsen ƙarfe da guduma ya koma daidai ba tare da sun cika shi da fila ba. Yaran da ke gareji yau aikinsu ya koma cire wannan a sa wancan, domin abin da motocin yanzu suke buƙata ke nan, ba laifinsu ba ne. Tayar da tsohuwar mota guda kuwa makaranta ce sukutum, domin sai ta bi ta hannun makaniki da mai walda da mai wayarin da mai fenti da mai ɗinkin kujeru, sai an yi ta sintiri a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ana neman kayan asali, wani abin ma sai an kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya ƙera sabo. Wudil tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi, wato jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Dangote, kuma ana koyar da aikin injiniya a cikinta. Tsakanin ajin da ake zana inji a allo da garejin da ake buɗe shi a Sabon Gari tafiyar 'yan mintuna ce. Da sashen injiniya zai sayi 504 guda da ta kwanta, ya ɗauki tsohon makaniki a biya shi a matsayin malamin aikin hannu, ɗalibai su warware ta ƙusa-ƙusa su mayar, a rubuta sunan kowane ƙarfe da Hausa yadda masu sana'ar suke faɗinsa, da an sami mota, an sami littafi, an kuma sami matasan da hannunsu ya san baƙin mai.

Ga dillalai kuma, wannan kasuwa ba za ta tsaya ba sai da gaskiya. Mai saye daga Abuja ko Legas hoto yake gani a waya, kuma in aka ɓoye masa tsatsa da fila sau ɗaya, ba shi kaɗai aka kora ba, har da duk wanda zai ba labari. A faɗi aibin mota kafin a faɗi kuɗinta, a nuna ƙasanta kamar yadda ake nuna gabanta, a ce injin nan ba nata ba ne in ba nata ba ne.

Kai kuma mai karatu da ke da irin wannan mota a gida, ko ta mahaifi ko ta kaka, kada ka yi mata fenti, kada ka bari a cire mata komai. Ka ɗaga ta daga ƙasa, ka rufe ta daga rana da ruwa, ka nemo takardunta ka adana, ka ɗauki hoton lambar shasi da ta inji. Sannan ka kira dattijon makanikin da ya san irinta ya durƙusa ya duba. In ya ce ta mutu, a cire kayan da za su amfani wata motar, sauran a kira 'yan gwangwan su auna.